Kujerar yaro a mota: wadda za a saya da yadda ake ɗaure ta



Kwanan baya wani ɗan garin nan da ke zaune a Beljiyam ya aiko mana da saƙon murya. Ƙanensa ya yi mota, matar ƙanen kuma ta sauka lafiya, shi kuma yana so ya aiko da kujerar yaro ta mota a matsayin kayan barka. Ya shiga shago ya tarar da iri ya fi ashirin, kansa ya ɗaure. Tambayarsa ita ce: wacce zai saya da za ta yi wa jariri yanzu, kuma ta ci gaba da yi masa har ya yi wayo? Mun ba shi amsa a taƙaice a cikin shiri, amma lokaci bai bari mun warware ba. Shi ya sa muka rubuta a nan, don wanda ke buƙata ya dawo ya duba a tsanake.

Mun san wasu za su yi dariya. Za su ce mu da ko a Hiace sai an matsa kafin babba ya sami wurin zama, ina maganar kujerar jariri? Gaskiya ne, kuma akwai bayanin da ya shafe ku a ƙasa. Amma masu mota suna ƙaruwa a cikinmu: ƴan kasuwa, malaman makaranta, ma'aikatan likita, da waɗanda ƴan uwa suka aiko wa daga waje. Kuma kowa ya ga yadda ake gudu a kan kwaltar da ta taso daga Takeita ta ratsa Kance da Matameye ta nufi Ɗan Barto.

Hannun uwa bai isa ba

Babu uwar da za ta yarda cewa za ta saki ɗanta. Amma maganar ba ta ƙauna ba ce, ta ƙarfi ce. Idan mota tana tafiyar kilomita 50 a awa ta daki wani abu ta tsaya cak, duk abin da ke cikinta yana ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai wani abu ya tare shi. Bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, ku ce mutum ya faɗa busasshiyar rijiya mai gaba biyar zuwa shida. A wannan ƙiftawar ido nauyin yaro yana ninkuwa sau ashirin, sau talatin. Yaro mai kilo 10 sai ya zama kamar buhun hatsi biyu ko uku da aka fizge daga hannunki. Ko ɗan kokawa ba zai riƙe ba. Kuma kilomita 50 ai gudun cikin gari ne, ba na hanyar Damagaram ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 a duniya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowa asara: kusan mutum 19 cikin kowane dubu 100, alhali a Turai kusan 7 ne, duk da cewa motocinsu sun ninka namu nesa ba kusa ba. Hukumar ta kuma ce kujerar yaro, idan an ɗaure ta daidai, tana iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100. Ku riƙe wannan kalma ta «daidai», don a kanta rabin wannan bayani zai tsaya.

Me ya sa yaro yake kallon baya

Abin da ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne a ga an zaunar da jariri yana kallon bayan mota. Wata tsohuwa ta taɓa tambayar mu ko fushi ake yi da yaron.

Ga dalili. Kan jariri babba ne a kan jikinsa, yana kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, ƙashin wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Shi ya sa ma mai goyo take tallafe kan idan za ta sunkuya. Mafi munin haɗari shi ne karo ta gaba. Idan yaro yana kallon gaba, igiyoyi za su riƙe ƙirjinsa, amma kan zai wuce gaba da ƙarfi, wuya ne zai ɗauki dukan. Idan kuwa baya yake kallo, jikinsa duka zai nutse a cikin kujerar, kai da wuya da gadon baya su tafi tare, bugun ya watsu a wuri mai faɗi.

Wani farfesa ɗan ƙasar Suwidin mai suna Bertil Aldman ne ya fito da dabarar. Ya lura da yadda ƴan sama jannati suke kwanciya rigingine lokacin da kumbo zai tashi, don bayansu ya ɗauki ƙarfin. A 1964 aka gwada kujerar farko irin wannan tare da kamfanin Volvo. Har yau a Suwidin yawancin iyaye suna barin yaro yana kallon baya sai ya kai kusan shekara 4, kuma suna cikin ƙasashen da yara suka fi tsira a kan hanya. A Amurka ma, tun 2018 ƙungiyar likitocin yara ta daina faɗin shekara, ta ce a bar yaro yana kallon baya har sai ya kai iyakar abin da kujerarsa ta yarda.

Akwai masu cewa ƙafar yaro za ta takura idan ya girma. Ku dubi yadda yaranmu ke zama a tabarma, ƙafa a tanƙwashe tun safe. Ba ya damunsu. Kuma in ma an zo ga zaɓi, karayar ƙafa ana ɗaure ta, ta wuya fa?

Kujera mai fuska biyu

Kujerun sun kasu gida uku. Akwai ta jarirai zalla, mai kama da kwando, da mariƙi a sama. Baya kawai take kallo, kuma yaro yana fin ƙarfinta idan ya kai kilo 13 ko kansa ya kusa bakinta, galibi daga shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Akwai ta manyan yara, wadda take ɗaga yaro sama don santir, wato bel ɗin motar, ya bi ta kafaɗarsa da ƙugunsa maimakon wuya da ciki. Sai ta tsakiya, wadda ɗan uwanmu yake nema. Mu a nan gidan rediyo mun sa mata suna «mai fuska biyu». A mutum aibi ne, a kujera alheri: da farko ana ɗaure ta tana kallon baya, idan yaro ya girma a juya ta ta kalli gaba. A kwalin da ya fito daga Faransa ko Beljiyam za ku ga an rubuta évolutif, a na Amurka kuma convertible.

Ta Turai yawanci tana ɗaukar yaro daga tsayin santimita 40 zuwa 105, ko daga haihuwa zuwa kilo 18, wato har wajen shekara 4. Ta Amurka kan ɗauki yaro yana kallon baya har kilo 18, wasu har 22, sannan yana kallon gaba har wajen kilo 29.

Ga gidan da zai sayi kujera ɗaya tak, mu dai ita muke ba da shawara. Kuɗi sau ɗaya ne, aiki shekara huɗu, ƙani ma ya gada. Amma ba kowace mai fuska biyu ce ta kai ba. Wasu suna barin yaro ya kalli baya har kilo 13 kawai, daga nan dole a juya. Ku nemi wadda aka rubuta tana kallon baya har santimita 105 ko kilo 18. Wannan lambar ta fi launi, ta fi taushin soso, ta fi wurin ajiye kofi.

Tana da aibi biyu. Na ɗaya, babba ce, idan tana kallon baya tana cin wuri, a ƙaramar mota irin Starlet sai an tura kujerar gaba. Na biyu, jariri ƙarami sosai, musamman bakwaini, yakan nutse a cikinta, igiyoyi su yi masa yawa. Yawancinsu suna zuwa da ƙaramin matashi na jarirai da kamfanin ya yi mata. Kada a jefar da shi, kuma kada a maye gurbinsa da filo ko tsumma a bayan yaro. Idan jaririn bai kai nauyin da aka rubuta a jikin kujerar ba, to kwandon jarirai ya fi masa a watannin farko.

Akwai kuma waɗanda ake talla wai daga haihuwa har shekara 12. A ido riba ce. Mu dai muna ɗari-ɗari, don abin da aka ce zai yi wa ɗan kwana bakwai kuma ya yi wa ɗan aji shida, da wuya ya yi wa kowannensu daidai, kuma shekara 12 a ranar Damagaram ba wasa ba ce ga roba. Masu juyawa kamar kujerar mai aski kuma, sauƙin saka yaro suke ƙarawa, ba tsaro ba. Suna da nauyi, suna da tsada, kuma kusan dukkansu sai motar zamani.

Tambarin da za a duba

Kujerar kirki tana da shaidar cewa an gwada ta a karo. Ta Turai tana da takarda ruwan lemo manne a ƙasa ko a baya, da harafin E a cikin da'ira, da lambar ƙasar da ta tantance: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E11 Ingila. A kan takardar za ku ga ɗaya daga cikin ƙa'idoji biyu.

Tsohuwar ita ce R44, mai aiki da nauyi: rukunin 0+ har kilo 13, rukuni na 1 daga kilo 9 zuwa 18, na 2 daga 15 zuwa 25, na 3 daga 22 zuwa 36. Idan an rubuta R44/04 ko R44/03 an yarda da ita. Idan 01 ko 02 ce, ta tsufa ƙwarai, Turai ta hana aiki da su tun 2008. Sabuwar ita ce R129, wadda ake kira i-Size, ta fara aiki a 2013. Ita da tsayin yaro take aiki, ta wajabta kallon baya har aƙalla wata 15, kuma ana gwada ta da karo ta gefe, abin da tsohuwar ba ta tilasta ba. Daga 1 ga Satumba 2024 an daina sayar da sababbin kujerun R44 a shagunan Tarayyar Turai. Ba sai an yi duba ba, mun san inda ragowarsu za su nufa: kasuwanninmu. Wannan ba ya nufin R44/04 ba ta da kyau. Mai lafiya, wadda aka san tarihinta, ta fi cinyar uwa nesa.

Ta Amurka ba ta da takarda ruwan lemo. Tana da farar takarda mai ranar da aka ƙera ta, da rubutun cewa ta cika ƙa'idar tsaron motoci ta tarayyar ƙasar, wadda ake kira FMVSS 213.

Wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ku bar wa mai ita kayansa. Musamman wani abu na yadi da igiyoyi da ake tallarsa da araha a intanet, wanda ake ratayawa a jikin kujerar mota kamar zanen goyo. Ba shi da ƙashi, ba shi da roba mai ƙarfi. Wannan ba kujera ba ce.

A duba motar tukuna

A nan ne ƴan uwa na waje suka fi yin asara. Mutum ya zuba kuɗi ya sayi mai tsada, ya biya kuɗin kaya, ta iso Matameye, a tarar ba ta shiga motar.

Hanya biyu ake ɗaure kujerar yaro. Ko dai da santir ɗin motar, ko da wasu ƙarafa biyu da ke ɓoye a tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya, waɗanda ake kira ISOFIX. A Amurka sunansu LATCH. An fara saka su a 1997 a motar Golf, Amurka ta wajabta su daga 2002, Turai kuma ta wajabta su a duk sabuwar mota daga 2014. To ku dubi motocinmu. Yawancinsu tsofaffin Turai ne da suka shigo ta Kwatano ko Lome, da yawa sun girmi waɗannan shekaru. Kuma da yawa daga cikin sababbin kujerun i-Size ba sa ɗauruwa sai da waɗannan ƙarafan.

Don haka kafin a saya, mai motar ya tura hannu a tsagar kujerar baya ya lalubo. Idan ya ji ƙarfe biyu masu kama da kan ƙugiya, tazarar kusan taƙi ɗaya da rabi a tsakaninsu, to akwai. Idan babu, a sayo wadda aka rubuta ana ɗaure ta da santir. Kada a kai wa mai walda ya liƙa ƙarfe. Na asali a jikin ƙashin motar aka haɗa shi, aka gwada. Na walda zai riƙe a ranar lafiya, ya saki a ranar da ake buƙatarsa.

Sannan a duba santir ɗin kansa. A motoci da yawa a nan na baya an cusa shi ƙarƙashin kujera, ko an yanke shi an ɗaure kaya da shi. A fito da shi, a ja da ƙarfi farat ɗaya a ga ko yana cijewa, a ga maƙullinsa yana kamawa. Yawancin kujerun Turai suna buƙatar santir mai bi ta kafaɗa da ƙugu, ba mai bi ta ƙugu kaɗai ba, irin wanda ke tsakiyar tsofaffin motoci. Na Amurka da yawa suna karɓar na ƙugu. Amma su ma suna da nasu sharaɗi: an yi su ne don motocin Amurka, waɗanda santir ɗinsu yake kullewa idan an ja shi har ƙarshe. Na motocin Turai da yawa ba ya haka. Wanda zai aiko daga Amurka ya nemi kujera mai nata maƙullin da ke danne santir.

Ta hannu

Mun san yawancin waɗanda za su samu, ta gwanjo za su samu, ko a Damagaram, ko a Kano, ko a cikin motar da aka sayo. Ba za mu ce haramun ba ne. Amma a sani cewa kujerar da ta taɓa shiga haɗari mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da ido bai ga tsaga ba, kamar hular kwanon da ta taɓa dukan kwalta. Wadda ta fito daga hannun ɗan uwa da zai gaya maka gaskiya ta fi wadda aka tsinto a tsibin kaya.

Idan ta kasuwa ce, a cire rigar a duba robar da farin soson da ke ciki. Tsaga, ko wurin da robar ta yi fari kamar an lanƙwasa ta, alama ce ta wahala. A duba igiyoyi ko sun zare, a kulle maƙulli a buɗe sau da yawa a ji yana ƙara. A nemi ranar ƙira. Kamfanoni suna ba kujera shekara 6 zuwa 10, ya danganta da iri. Idan igiya ta tsinke, ba aikin tela ba ne, ba kuma na baduku ba. Idan takardar bayani ta ɓace, ana samun ta a intanet da sunan kujerar da lambarta. Wanda ke waje ya taimaka ya nemo, ya fassara wa na gida ta waya.

Ɗaurewa

Wurin yaro kujerar baya ne. Kada a taɓa ɗaure kujera mai kallon baya a gaba idan motar tana da jakar iskar nan da ke fashewa lokacin karo. Tana fitowa da ƙarfin da zai daki bayan kujerar daidai inda kan yaron yake.

A jikin kujerar akwai hanyar da santir zai bi. A tsofaffin kujerun Turai shuɗi na kallon baya ne, ja na kallon gaba, a sababbi kuma kore ake sakawa. A bi da santir, a danna kujerar da nauyin jiki, a ja ya tsuke. Sannan a kama ta daidai inda santir ya ratsa a girgiza. Idan ta motsa fiye da santimita 2 da rabi, kamar faɗin yatsa biyu na yaro, ba ta ɗauru ba, a sake. Idan tana da ƙafa mai sauka ƙasa, a sauke ta ta taka daɓen motar sosai. Idan igiya ce ta sama, a maƙala ta a ƙugiyar da aka yi don ita, ba a ƙarfen matashin kai ba.

Ga jariri, kujerar ta kwanta rabi da rabi, wajen digiri 45. Idan ta miƙe da yawa kansa zai faɗo kan ƙirji ya toshe masa numfashi. Yawancinsu suna da layi ko ƴar alama a gefe da ke nuna daidai.

Igiyoyin kafaɗa kuma: idan yaro yana kallon baya, su fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan. Idan gaba yake kallo, daidai kafaɗa ko sama kaɗan. A ja har sai an kasa tsunkule igiyar da yatsa biyu a kan kafaɗa. Iyaye mata suna jin tausayi su sassauta, amma sako-sako shi ne haɗarin. Kujerun Amurka suna da wani ƙaramin maƙulli na ƙirji, wurinsa daidai hammata, ba kan ciki ba. Lokacin hunturu kada a ɗaure yaro da rigar sanyi mai kauri, don tana lotsewa a karo ta bar sarari. A ɗaure shi da rigarsa, a lulluɓa zane ko bargo a sama. Laya ko guru mai tauri ma a gyara shi kada ya shiga tsakanin igiya da jiki.

Rana

Wannan namu ne, takardun Turai ba su cika damuwa da shi ba. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Ƙarfen maƙulli da ya sha rana yana ƙona fatar jariri. A riƙa rufe kujerar da farin zane idan an ajiye mota, a taɓa ƙarfen da bayan hannu kafin a zaunar da yaro. Wajen saye, riga mai haske da ake cirewa a wanke ta fi baƙa. Igiyoyi kuwa a goge su da ruwa da tsumma kawai, ban da jabel, don yana cin zare.

Kuma kada a bar yaro a cikin mota a rufe, ko na sayen ƙanƙara ne. Cikin minti 10 zafin cikin mota yana iya ƙaruwa da digiri 10 ko fiye, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar fiye da na babba. Sauke gilashi kaɗan ba ya magani.

A doguwar tafiya, kamar zuwa Kano ta Kwangwalam da Daura, ko dawo da mai jego daga gidan iyayenta bayan arba'in, a riƙa tsayawa aƙalla duk awa biyu a fito da jariri ya miƙe. Idan yana kukan nono, direba ya faka. Kada a ciro shi ana cikin tafiya.

Yaushe ake juyawa

Ba ranar da ya fara tafiya ba, ba ranar yaye ba. Ana juyawa idan ya kai nauyi ko tsayin da aka rubuta, ko kuma saman kansa ya rage ƙasa da santimita 2 da rabi ya kai bakin kujerar. A nan karnen awo da ake ba ku a likita zai yi amfani, don kilo da tsayi suna ciki. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin yaro ɗan shekara 1 yana da kilo 9 zuwa 9 da rabi, ɗan shekara 2 wajen kilo 12, ɗan shekara 4 wajen kilo 16 da tsayin santimita 103. Da yawa daga cikin yaranmu ba sa kai haka. Shi ya sa shekarun da aka rubuta a kwali ba su ne abin bi ba. Sikeli da ma'auni za a bi.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku da ke can, wannan ba shawara ba ce, doka ce. A Faransa yaro ƙasa da shekara 10 dole ya zauna a kujerar da ta dace da shi, tarar kuma yuro 135 ce, sama da jika 88 na sefa. A Beljiyam sai ya kai santimita 135. A Ingila shekara 12 ko santimita 135, a Jamus shekara 12 ko santimita 150. A Amurka kowace jiha da tata doka. Masu tsallakawa Najeriya kuma sun san jami'an kiyaye haɗurra na can suna gargaɗi kan zaunar da yaro ƙasa da shekara 12 a gaba. A nan gida muna da hukumar ANISER mai kula da tsaron hanya, amma a kan wannan magana kada ku jira sai jandarma ya tsayar da ku.

Abin da muke roƙo shi ne idan kun zo hutu da yara, kada ku baro ɗabi'ar a filin jirgi. Mun sha ganin yaron da a can ba a tayar da mota sai an ɗaure shi, a nan kuma yana tsaye tsakanin kujerun gaba yana kama giya.

Idan babu kujera

To, sai mu dawo kan yawancinmu. A motar haya babu kujerar yaro, galibi ma babu santir. Ba za mu yi muku ƙarya cewa akwai dabarar da za ta maye gurbinta ba. Amma akwai abin da ke rage mugunta. Mai jariri kada ta zauna gaba, ko kamasho ya ce girmamawa ce. Kada ta zauna jikin ƙofa. Idan akwai santir, ta ɗaura wa kanta ita kaɗai. Kada ta haɗa da yaron a ciki, don a karo nauyinta zai matse shi a jikin igiyar. Kada a hau da yaro bayan a-kori-kura ko kan lodin rake. Idan motar ta cika ta batse, ko direban ya kwana yana tuƙi, jiran ta gaba ya fi, kuma tafiyar rana ta fi ta dare.

A kan kabu-kabu kuwa babu kujerar da aka yi wa jariri. Idan dole ne, goyo a ɗaure tamau da majanyi, uwa ta tattare zane da hijabi kada su shiga taya, kada a ɗora yaro a kan tanki, kada a ƙara wani fasinja a bayan mai goyo. Kuma ta buɗe baki ta ce wa mai babur ya rage gudu. Kuɗinta ta biya.

Shi kuma ɗan uwanmu na Beljiyam, abin da muka ce ya nema daga ƙanensa kafin ya koma shago abu huɗu ne: kilo da tsayin jaririn daga karnen awo, sunan motar da shekarar da aka ƙera ta, hoton kujerar baya da santir ɗinta a waje, da amsar ko hannu ya taɓo ƙarafan nan biyu. Ya nuna wa mai shago, ya ce yana son mai kallon baya har santimita 105. Idan ta iso, a bar takardar bayanin a aljihun kujerar, don ranar da za a juya ta sai an sake buɗe ta.